Makin Tarihi a Ƙaramar Sakandare: Tun Makon Farko Ake Tara Shi

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, wani maƙwabcina ya same ni a ƙofar gida bayan La'asar, katin sakamakon ɗansa a hannu, ransa a ɓace. Yaron yana aji biyu na ƙaramar sakandare a nan cikin garin Sakkwato.

"Malam, duba min wannan," in ji shi. "Yaron da ya ci 42 cikin 60 a jarrabawar Tarihi, ta yaya zai tashi da 54? Ɗan ƙanwata ajinsu ɗaya, 36 ya ci, amma ga shi da 69. In ba son kai ba, mene ne wannan?"

Har ya ƙudura gobe da sassafe zai je ya wanke malamin tas. Na karɓi katin, muka bi gidajen makin ɗaya bayan ɗaya. Gwajin farko 7 cikin 10. Gwaji na biyu sifiri. Jinga sifiri. Littafin rubutu 5. Duka 12 ke nan cikin 40. Na ce, "Alhaji, ina yaron yake lokacin gwaji na biyu?" Ya yi jim, sannan ya tuna: bikin 'yar wansa aka yi a ƙauye, gidan gaba ɗaya suka tafi, suka yi kwana biyar. Shi kuwa ɗan ƙanwar tasa bai taɓa fashi ba, ya tara 33 cikin 40 tun kafin a shiga ɗakin jarrabawa.

Iyaye da yawa a garin nan irin Alhaji ne. Suna biyan kuɗin littafi da na kayan makaranta, amma ba su san yadda ake haɗa makin da ke kan katin ba, sai ranar da ya iso gida, lokacin da babu sauran gyara.

Yadda ake raba makin

Maki ɗari na kowane darasi kashi biyu ne. Kashi ɗaya na jarrabawar ƙarshen zango ne. Ɗayan kuma shi ne wanda malamai da ɗalibai ke kira Si'e, wato makin da ake tarawa a hankali tun daga buɗe makaranta. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ce ta zo da wannan tsari, ya kuma kankama tare da tsarin 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980. Hikimarsa ita ce kada a yanke wa yaro hukunci da abin da ya rubuta a awa ɗaya ko biyu, ranar da wataƙila zazzaɓi ke damunsa.

Wasu makarantu 40 suke ba Si'e, jarrabawa 60. Wasu kuma 30 da 70. Yadda ake rarraba Si'en ma ya bambanta: gwaji biyu ko uku, jinga, duba littafin rubutu, wani lokaci da ɗan aikin bincike. Saboda haka tambayar farko da ya kamata uba ko uwa su yi a makon farko ita ce, "A makarantar nan yaya kuke raba maki, kuma a wane mako ake gwaji?" Makarantu da yawa kan haɗa sakamakon zango uku su fitar da matsakaici kafin su ce yaro ya wuce aji na gaba, don haka sifirin zangon farko yana bin yaro har ƙarshen shekara. A ƙarshen aji uku kuma ga jarrabawar BECE tana jira, wadda ma'aikatar ilimi ta jiha ke shirya wa makarantunta, hukumar NECO kuma ta shirya wa makarantun tarayya da wasu masu zaman kansu.

Me ya sa Tarihi ya fi bukatar sa ido

Darasin Tarihi baƙo ne da ya dawo gida bayan doguwar tafiya. Daga shekarar karatu ta 2009/2010 aka cire shi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, aka cusa ɗan abin da ya rage cikin darasin nazarin zamantakewa. A 2018, zamanin Malam Adamu Adamu yana ministan ilimi, aka ƙaddamar da sabuwar manhajar da hukumar NERDC ta tsara. A Nuwambar 2022 gwamnatin tarayya ta sake ƙaddamar da dawowarsa, tare da horar da malamai 3,700 a zagayen farko, ɗari daga kowace jiha da Abuja. A Satumbar 2025 kuma aka sanar cewa Tarihin Nijeriya wajibi ne daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare.

Ku raba malamai ɗari ga ƙananan hukumomi 23 na jihar Sakkwato, za ku ga kowace ba ta kai biyar ba. Ga shi kuma yayyen yaran nan, da matasan malamai da dama, sun gama ƙaramar sakandare ba su taɓa zama ajin Tarihi ba. Shi ya sa a wasu makarantu malamin wani darasi ake ɗora wa Tarihi, ya cika allo da rubutu, yara su kwafa, su haddace, su zazzage a takarda, su manta. Inda abu yake haka, idon iyaye ne ke cike giɓin.

Abin da malamin kirki ke nema ga yaro

Na farko, zuwa aji. Tarihi sarƙa ce. Yaron da ya yi fashi ranar da aka yi bayanin daular Songhai zai sha wuyar gane wanene Kanta na Kabi da abin da ya sa aka kewaye Surame da ganuwar dutse. Na biyu, littafin rubutu cikakke, mai kwanan wata, wanda jan biron malami ya ratsa. Na uku, miƙa jinga a ranar da aka yanka. Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne iya amsa "me ya sa?" bayan an amsa "yaushe?"

A ce an tambayi yara biyu dalilin hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga Degel zuwa Gudu. Na farko ya rubuta cewa an yi ta a 1804, ya aje biro. Gaskiya ya faɗa, amma ba abin da aka tambaye shi ba ke nan, maki ɗaya ko biyu zai samu. Na biyu ya kawo dokokin da Sarkin Gobir Nafata ya kafa na hana rawani da lulluɓi da taƙaita wa'azi, ya kawo harin da aka kai wa mutanen Abdussalami, almajirin Shehu, a Gimbana zamanin Sarki Yunfa, ya nuna yadda zaman Degel ya gagara, sannan ya rufe da shekarar. Wannan shi zai kwashe makin. Ku koya wa yaro ya bambance tambayar da ta ce ya lissafo da wadda ta ce ya yi bayani. Yara da yawa a nan suke zubar da maki.

Akwai kuma matsalar harshe. Da Turanci ake jarrabawar, kuma sau da yawa yaron Sakkwato ya san labarin sarai da Hausa, rubuta shi ne ke gagararsa. Maganin yana gida: ya ba ku labarin da Hausa bayan cin tuwon dare, sannan ya zauna ya rubuta shi da Turanci cikin jimla biyar. Uwar da ba ta yi boko ba ma za ta iya rabin wannan aikin. Sai dai a tuna manhajar ba ta tsaya a kan Daular Usmaniyya ba. Akwai Nok da Ife da Binin da Igbo-Ukwu, akwai Kanem-Borno da Oyo, akwai fataucin hamada, da haɗe Kudu da Arewa a 1914, da 'yancin kai a 1960. Yaron da ya dogara da labarin gida kaɗai zai tarar da tambayoyin da bai taɓa jin sunansu ba.

Hanyoyin da maki ke lalacewa

Ta farko ita ce "a taimaka masa". Uba ya je wurin malami a ɓoye, ko ya aika da ɗan alheri, a mai da sifiri ya zama 8. Yaron ya koyi darasi ɗaya a ranar, cewa maki roƙonsa ake yi. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne: wanda zai duba takardarsa ta BECE bai san ubansa ba.

Ta biyu, jingar da wani ya yi. Yaya ya rubuta, ko a kwafo daga waya kalma da kalma, har da sunayen da yaron ba zai iya furtawa ba. Alamarta a kati take: 10 cikin 10 a jinga, 15 cikin 60 a jarrabawa. Duk katin da Si'ensa ya cika taf amma jarrabawa ta faɗi ƙasa warwas, to a bincika, ko dai yaron ba shi ke aikinsa ba, ko kuma makin daga kai aka rubuto shi.

Ta uku kuwa daga ɓangaren makaranta take. Akwai inda ake ɗaura maki a kan sayen takardun da malami ya buga, ko a cire maki don yaro bai biya wani kuɗi ba, ko don ya yi surutu a aji. Ladabtarwa daban, makin ilimi daban. In haka ta faru, a fara da malamin aji cikin mutunci, sannan shugaban makaranta, sannan taron iyaye da malamai. Haƙƙin iyaye ne su nemi ganin takardar gwajin da aka yi wa maki, malamin kirki kuma ba ya jin haushin wannan tambaya.

Ta huɗu, ruɗin "na nawa ya zo". Yaro na iya zuwa na uku a ajin da kowa ya faɗi. Ku duba makin kansa, gida-gida, kafin ku duba matsayi.

Ajin da ke bakin ƙofa

Yaron Sakkwato yana da gatan da ba kowane yaro ke da shi ba, domin a kan darasinsa yake tafiya kullum. Garin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809 shi ne wanda yake ratsawa zuwa makaranta. Hubbaren Shehu, wanda ya rasu a 1817, yana tsakiyar gari. Giginya, inda aka kara da sojojin Turawa ranar 15 ga Maris 1903, sunan da yake ji kullum ne. Ƙofar Rini da Ƙofar Kware da Ƙofar Marke da Ƙofar Atiku suna gaya masa inda ganuwa ta bi. Cibiyar tarihi da al'adu ta Waziri Junaidu tana adana tsofaffin takardu da kayan tarihi. Wurno, inda Bello ya rasu a 1837, tafiyar yini ɗaya ce, a je a dawo. Yarinyar da aka ba labarin Nana Asma'u da jajinta, wato malamai mata masu bin ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, za ta rubuta amsar da ba a littafin kowa ta kwafo ba. Ɗaya daga cikin darussan farko na aji ɗaya yana magana ne kan inda ake samo tarihi: baka, rubutu, da kayan da aka tono. Kakar da ke cikin gida ita ce ta farkon cikin ukun nan.

Alhaji ya je makarantar washegari, amma da wata tambaya daban. Ya dawo da takarda ɗauke da makonnin gwajin zango mai zuwa, ya manna ta a bangon zaure. Da aka zo sa ranar wani bikin a danginsu, sai da ya tashi ya duba takardar kafin ya ce uffan.