Ranar da likita ya ce a tsai da inji

A manyan asibitocin Turai akwai ɗaki guda wanda dangi ke shiga da sanɗa, suna magana ƙasa-ƙasa. Shi ne ɗakin farfaɗo da marasa lafiya, wanda masu jin Faransanci ke kira reyanimasiyo. Nan ake kwantar da wanda ke rai kwakwai mutu kwakwai: inji na hura masa iska cikin huhu, wani na wanke masa jini, magani kuma na riƙe da bugun zuciyarsa. Ana ceto rayuka da yawa ta haka. Amma akan kai ranar da likita zai tabbata cewa jikin ba mai tashi ba ne, injin wahala kawai yake ja wa mai jinya. To, a ci gaba ko a tsaya?

Likitocin Faransa sun daɗe suna tsayawa, tun doka ba ta ba su izini a fili ba. Wani bincike da aka yi a 1997 cikin irin waɗannan ɗakuna 113 ya nuna cewa kashi 53 cikin ɗari na waɗanda suka rasu, sai da aka yanke shawarar ƙin ƙara musu magani ko janye shi kafin rai ya yi halinsa. Abin dubawa shi ne, cikin kashi 44 kaɗai aka sa dangi a shawarar. Sauran, likitoci suka gama magana tsakaninsu.

Ba dukan likitoci ne bakinsu ya zo ɗaya ba. Binciken Ethicus, wanda aka yi daga 1999 zuwa 2000 a ɗakuna 37 na ƙasashe 17, ya gano cewa likitocin arewacin Turai sun fi saurin cire inji, na kudu kuwa sun fi nacewa wajen tada zuciyar da ta tsaya. Addinin likita ma yana da tasiri. Katolika da Furotesta sun fi yarda su janye maganin da aka riga aka soma. Yahudawa da Musulmi da Kiristocin Girka sun fi karkata ga ƙin somawa tun farko. Masana da dama na cewa hukuncin biyun ɗaya ne, amma hannun da zai kashe maɓalli ya san bambancin. Ke nan makomar mai jinya takan rataya ga garin da ya kwanta da likitan da ke aiki a daren.

Don rage wannan ne Faransa ta kafa dokar Leonetti ranar 22 ga Afirilu 2005. Ta hana nacewa kan maganin da ba ya da amfani, ta kuma wajabta wa likita ya nemi ra'ayin wani likita, ya tuntuɓi dangi, ya rubuta dalilinsa. Dokar 2016 ta ƙarfafa wasiyyar da mutum ya rubuta yana da hankalinsa. Duk da haka rigima ba ta ƙare ba: shari'ar Vincent Lambert ta raba iyayensa da matarsa shekara da shekaru, har ya rasu a Reims a 2019.

Malaman Musulunci ma sun duba batun. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta cire inji idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar cewa ƙwaƙwalwa ta mutu, ko da zuciya na bugawa da taimakon injin.

Maganar ta shafi 'yan kasuwa da ma'aikatan Nijar da ke kai marasa lafiyarsu jinya Faransa. A can, idan mai jinya ba ya iya magana, ana jin ta bakin dangi, amma hukunci na ƙarshe na likita ne. Wanda bai yarda ba sai ya kai ƙara gaban alƙali. Tun 2002 doka ta ba mai jinya damar naɗa amintaccensa a rubuce lokacin da aka kwantar da shi, kuma shaidar wannan amintacce ta fi ta kowa nauyi cikin dangi.