Yadda Haske Ke Ɗaukar Saƙo Cikin Zaren Gilashi

Ya kai mai karatu, ko kana tune da ranar Alhamis, 14 ga Maris, 2024, ana cikin kwanakin farko na azumi? A ranar ne intanet ta yi ta tsinkewa a Najeriya da Gana da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Mai son tura kuɗi ta waya ya yi ta dannawa abu ya ƙi, wasu bankuna suka shiga ba jama'a haƙuri. Abin da ya faru shi ne, manyan igiyoyi huɗu da ke kwance a ƙarƙashin teku sun lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa. To, me ke cikin igiyoyin nan da har lalacewarsu ta taɓa ɗan kasuwa a Kantin Kwari?

Zare ne na gilashi, kaurinsa bai fi gashin kai da yawa ba, kuma abin da ke gudu a cikinsa haske ne. Ka ɗauka kai da abokinka kun yi alkawari da dare: in ka kunna tocila sau ɗaya, "zo" ke nan, in sau biyu, "jira ni". Haka ake yi a nan, sai dai fitilar wata iri ce mai suna leza, tana sauya haskenta sau biliyoyi a daƙiƙa ɗaya, kuma haskenta ido ba ya ganinsa. Muryarka da hotonka duk lambobi ake mai da su, hasken ya kwashe su.

Za ka ce, ai haske miƙe yake tafiya, kamar yadda Ibnul Haisam na Basra ya bayyana a Kitabul Manazir kusan shekara dubu da suka wuce, yaya zai bi zaren da ke lanƙwashewa? Gwada da kanka. Huda gorar roba kusa da gindinta, ka cika ta da ruwa, ka shiga ɗaki mai duhu ka haska tocila ta bayan gorar daidai hudar. Za ka ga hasken ya bi ruwan da ke tsartuwa yana lanƙwasa. Duk sanda ya zo fita sai gefen ruwan ya mai da shi ciki kamar madubi. Zaren gilashi ma haka yake tsare haskensa. (A aza roba a ƙasa kafin a fara, kada a jiƙa wa Inna tabarma.)

Babbar matsalar tun farko ita ce haske yana raguwa a hanya. A 1966 wani masani ɗan asalin Sin, Charles Kao, yana aiki a Ingila, ya nuna cewa dattin da ke cikin gilashi ne ke cinye hasken, in an tace shi sosai saƙo zai yi nisa. A 1970 kamfanin Corning na Amurka ya yi zaren da in haske ya yi tafiyar kilomita ɗaya a cikinsa akan sami ɗan abin da ya haura kashi ɗaya cikin ɗari ya saura, kuma a lokacin wannan gagarumar nasara ce. Zaren da ake binnewa yau sai haske ya yi wajen kilomita 15 kafin rabinsa ya tafi. An ba Kao kyautar Nobel a 2009.

Yanzu bari mu zo ga abin da masana suka cim ma a 'yan shekarun nan. Buƙatar jama'a kullum ƙaruwa take, shimfiɗa sabuwar igiya a teku kuwa kuɗi ne masu ɗimbin yawa. Saboda haka dabara ta farko ita ce a ƙara wa zare ɗaya kaya. Ka san bakan gizo, yadda haske ɗaya ke rabuwa launi launi. To, kowane launi ana iya ɗora masa saƙonsa daban, duk su shiga zare ɗaya, can a ƙarshen hanya a rarrabe su. A 2024 hukumar binciken sadarwa ta Japan, NICT, tare da abokan aikinta, sun cusa launuka 1,505 cikin zare irin wanda ake sayarwa a kasuwa, mai tsawon kilomita 50, suka tura terabit 402 a daƙiƙa ɗaya. In kana son ka gane yawan, wannan ya kai kamar giga dubu 50 na data da kake saya a waya. A daƙiƙa ɗaya fa!

Ba su tsaya nan ba. Zaren da aka saba da shi hanya ɗaya ce a tsakiyarsa da haske ke bi. A 2025 hukumar nan da kamfanin Sumitomo suka gwada zare mai hanyoyi 19, alhali kaurinsa bai wuce na kullum ba, suka tura sama da giga dubu 120 a daƙiƙa har nisan kilomita 1,808, wato kusan Kano zuwa Legas, zuwa da dawowa. Amma a ɗakin gwaji aka yi, inda suka sa hasken ya zaga zare mai tsawon kilomita 86 har sau 21.

Dabara ta biyu ita ta fi burge ni. Wasu masana suka ce, tun da gilashi ne ke cin haske, me zai hana a cire shi daga tsakiya? Sai suka ƙera zare mai rami kamar sarewa, iska ce a cikinsa, an jera wasu 'yan siraran bututu na gilashi a bangonsa masu hana hasken ɓallewa. Shekaru da dama irin wannan zare ya fi na kullum zubar da haske, har ana ganin ba zai kai ko'ina ba. A 2025 masanan Jami'ar Southampton ta Ingila tare da kamfanin Microsoft suka ba da rahoton zare mai rami wanda sai haske ya yi wajen kilomita 33 kafin rabinsa ya tafi, alhali mafi kyawun zare maras rami bai wuce wajen kilomita 21 ba. Ga kuma sauri: a cikin gilashi haske yana cin kamar kilomita 200,000 a daƙiƙa, a cikin iska kuwa kusan 300,000. Amfanin raguwar asara shi ne, a teku sai an dasa na'urar ƙara ƙarfin haske jefi jefi a tsawon igiya, kowace kuma tana shan wuta. In zare ya riƙe haskensa, ana iya rage yawansu. Sauran aiki shi ne a iya ƙera shi da yawa cikin araha, a kuma ƙware wajen haɗa bakinsa ba tare da danshi ko ƙura sun shiga ramin ba.

Duk da haka, zare komai kyansa in ya tsinke sai an je an ɗinke. Na 2024 ɗin nan sai da aka tura jiragen ruwa suka lalubo igiyoyin daga ƙasan teku, suka ɗago su, aka haɗa zaren ɗaya bayan ɗaya, aikin da ya ci makonni. Kafin a gama, kamfanonin waya sun karkatar da saƙonni zuwa igiyoyin da suka tsira, irin su Equiano ta kamfanin Google, wadda aka fito da bakinta a Legas a 2022.