Mu gina dakalin girki da duwatsun gulbi

A gidajenmu da yawa, a ƙasa ake gyara kayan miya. Kaji da awaki suna ratsawa, iska tana kawo ƙura. Ƙazantar da ke shiga abinci ta wannan hanya tana cikin abubuwan da ke sa wa yaranmu zawo. Maganin abin shi ne mu ɗaga aikin abinci daga ƙasa. Za mu iya gina dakali mai ƙwari da hannunmu.

Da rani, in gulbi ko ƙorama ta ƙafe, mu tsinto ƙananan duwatsu masu faɗi da santsi. Kada mu shiga ƙorama da damina, domin ruwa yakan taho ba zato. Mu wanke duwatsun sarai, saboda siminti ba ya kama dutse mai laka.

Ga yadda aikin yake:

1. Mu gina dakali da tubali a cikin inuwa. Tsayinsa santimita 80, wato daidai ƙugun mai girki. Faɗinsa santimita 60. Mu cika cikinsa da ƙasa, mu daɓe sosai.

2. Mu kwaɓa kwano 1 na siminti da kwano 3 na rairayi mai tsabta. Mu shimfiɗa kwaɓin a bisa, kaurin santimita 5. Mu ɗan karkata shi don ruwa ya riƙa gangarewa.

3. Mu jera duwatsu kusa da juna tun kwaɓin yana ɗanye. Mu danna su da katako har kawunansu su daidaita.

4. Mu cike tsakaninsu da siminti, mu goge da jiƙaƙƙen tsumma. Duk ramin da muka bari, nan dauɗa za ta kwanta.

5. Mu rufe da jiƙaƙƙen buhu, mu riƙa yayyafa ruwa har kwana 7. Simintin da ya bushe da gaggawa tsagewa yake yi.

Hattara! Ɗanyen siminti yana cin fata, sai mu kare hannuwanmu. Kuma kada mu hura wuta a kan dakalin. Dutsen gulbi yakan riƙe ruwa a cikinsa, in ya sha zafi yana iya fashewa ya ji wa mutum ciwo.

Mu riƙa yanka nama a kan katako. Bayan kowane girki mu wanke dakali da ruwa da sabulu. Rigakafi ya fi magani.