Abin da ya kamata ku sani game da wadan lemur na Madagaska

A dajin Kirindy da ke yammacin tsibirin Madagaska, da zarar ruwan sama ya ɗauke wajen watan Afrilu, ganye ya fara zuba, wata 'yar dabba da ba ta cika tafin hannu biyu ba takan nemi kogon bishiya ta shige. Ta dunƙule, ta naɗe jelarta a jiki, shi ke nan. Ba ci, ba sha, har tsawon wata shida ko bakwai. Wanda ya ciro ta a wannan hali zai ɗauka mushe ce, domin zuciyar da ke bugawa wajen sau 180 a minti ɗaya takan koma ƙasa da sau goma, numfashi kuma sai an ɗauki mintoci kafin ta ja ɗaya. Wasu mutanen Madagaska suna ce mata matavirambo, wato mai kitsen jela. Masana kimiyya kuma suna kiranta Cheirogaleus medius. Ita ce aka fi sani a cikin wani ƙaramin gida na dabbobi da za mu iya kira wadan lemur, gidan da masana suka shafe fiye da shekara 200 suna ƙidayar 'ya'yansa, kuma har yau ba su rufe littafin ba.

Lemur dai dabba ce da ba a samunta a daji ko'ina sai a Madagaska, in ban da nau'i biyu da ake jin mutane ne suka kai tsibiran Komoros. Masana sun sanya ta a babban rukunin da suke kira Primates, inda bika da jan biri da gwaggon biri suke. Sai dai rukunin ya rabu gida biyu. Akwai masu busasshen hanci, su ne biran da muka saba gani, akwai kuma masu danshin hanci irin na kare, waɗanda ake kira Strepsirrhini. A wannan ɓangare na biyu lemur yake. Yawancinsu haƙoransu na gaba na ƙasa sun jeru sun miƙe kamar mataji, da su suke taje gashi, kuma a yatsa na biyu na ƙafa suna da farce ɗaya mai tsini na susa.

A cikin lemur ɗin ma akwai dangi biyar, kuma wanda ya shafe mu shi ne Cheirogaleidae, dangin ƙananan masu yawon dare. Ɗakuna biyar ne a cikinsa. Akwai Microcebus, masu kama da ɓera, waɗanda ɗaya daga cikinsu bai wuce giram 30 ba, kuma duk rukunin birai babu wanda ya kai shi ƙanƙanta. Akwai Mirza da Phaner da Allocebus, sai kuma Cheirogaleus, wanda shi ne wadan lemur na ainihi. Sunan kimiyya kalma biyu ne kullum: ta farko sunan ɗakin, ta biyu sunan nau'in. Saboda haka idan kun ga Cheirogaleus major da Cheirogaleus medius, ku san 'yan ɗaki ɗaya ne amma kowa da kansa.

Akwai wata alaƙa da ta taɓo mu a nan. A dazukan Arewacin Najeriya da Kudancin Nijar akwai wata 'yar dabbar dare mai manyan idanu da faffaɗan kunne da ke tsalle daga reshe zuwa reshe, masana na ce mata Galago senegalensis. Ita ma mai danshin hanci ce. A shekarun 1970 wasu masana sun lura cewa jijiyar da ke kai jini zuwa ƙwaƙwalwar wadan lemur ta fi kama da ta galago fiye da ta sauran lemur, har suka yi zaton 'yan uwa ne na kusa. Sai da gwajin DNA ya zo a shekarun 1990 aka tabbatar cewa wadan lemur ɗan gidan lemur ne gaba da baya, kuma duk lemur kakansu ɗaya, wanda ake kyautata zaton ya tsallaka teku daga Afirka a kan tarkacen itatuwa shekaru miliyan 50 zuwa 60 da suka wuce. Wannan kuskure na kama ya maimaitu sau da yawa a tarihin wannan dabba.

Wanda ya raɗa wa ɗakin Cheirogaleus suna wani masani ne ɗan Faransa, Étienne Geoffroy Saint-Hilaire, a 1812. Bai dogara da dabbar a hannu ba, zane-zanen da wani matafiyi mai suna Philibert Commerson ya bari ya duba. Ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, ɗaya na nufin hannu, ɗaya kuma wata dabba mai kama da tunku. Daga nan Turawa masu tara fatu suka yi ta aika samfura zuwa Faris da Landan, kowa ya ga launi ya ɗan bambanta sai ya ba da sabon suna. Alfred Grandidier ya ƙara crossleyi a 1870, Forsyth Major ya ƙara thomasi a 1894 da sibreei a 1896. Da sunaye suka yi yawa, sai Ernst Schwarz ya zo a 1931 ya share kusan duka, ya ce nau'i biyu ne kawai: babba na dazukan gabas masu ruwa, wato major, da mai kitsen jela na busassun dazukan yamma, wato medius. A kan haka aka zauna kusan shekara 70.

A shekarar 2000 Colin Groves, wanda ke koyarwa a Ostareliya, ya bi gidajen adana kayan tarihi ɗaya bayan ɗaya, yana auna ƙoƙon kai da haƙora, yana duba launin gashi da ko kunne na da gashi ko babu. Ya fito ya ce nau'i bakwai ne. Bayan shekara tara, Linn Groeneveld da abokan aikinta a Jamus suka gwada DNA, suka ce uku ne kawai suka tabbata: major da medius da crossleyi. Biyu daga cikin na Groves, ravus da adipicaudatus, aka mayar da su cikin manyan. Shekara guda bayan nan kuma sai ga na huɗu ya dawo, kuma labarinsa ne ya fi taɓa ni. Tun da aka bayyana sibreei a ƙarshen ƙarni na 19, aka sare dajin da aka fara kama shi, fiye da shekara ɗari babu wanda ya iya cewa ga shi, har aka fara lissafa shi cikin waɗanda suka ƙare. Ashe yana nan a dajin Tsinjoarivo, kan tsaunukan da suka haura mita 1,400, kuma a 2010 gwaji ya tabbatar shi ne.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A 2013 aka bayyana lavasoensis daga tsaunukan Lavasoa a can ƙuryar kudu, inda ɗan dajin da ya rage masa gutsattsari uku ne kacal. A 2015 aka sami andysabini a tsaunin Ambre na arewa, a 2016 shethi a yankin Ankarana, wanda da ƙyar ya haura giram 100, sannan a 2017 grovesi daga Ranomafana da Andringitra, wanda aka sa wa sunan Groves a shekarar da ya rasu. An kuma dawo da thomasi matsayinsa. Yau yawancin littattafai suna lissafa tara ko goma. Abin da ke kawo saɓanin shi ne wani nau'i mai suna minusculus, wanda duk shaidar da ake da ita a kansa samfuri ɗaya ne tak da aka samo daga Ambositra. Ku kuma kula da wani tarko: akwai dabbar da ake ce wa wadan lemur mai gashin kunne, wadda a 1875 aka sa ta cikin Cheirogaleus, amma a 1967 aka ware mata ɗakinta ita kaɗai, wato Allocebus. Suna ya yi kama, ɗaki ya bambanta.

Mai karatu zai iya tambaya me ya sa abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa haka. Dalili na farko halin dabbar ne. Da dare take fita, tana tafiya a hankali da ƙafa huɗu a saman rassa, ba ta yawan tsalle, kuma rabin shekara ba a ganinta sam. Mai bincike da fitila a goshi abin da yake hangowa ƙyallin idanu biyu ne, daga nan sai ya ɗana tarko da ayaba ya jira. Idan ya kama, zai ga jiki mai santsin gashi, toka-toka ko ja-ja, farin ciki, da baƙin zobe kewaye da ido kamar an sa kwalli. Kusan dukansu haka suke. Nauyi ma ba ya taimakawa, domin dabba ɗaya takan kusan ninka nauyinta tsakanin farkon damina da ƙarshenta. Dalili na biyu kuma masanan ne kansu ba su daidaita kan ma'anar nau'i ba. Wasu na ganin duk garken da kogi ko tsauni ya raba shi da sauran har DNA ɗinsa ya bambanta ya isa a ba shi suna, wasu na cewa hakan yawaita sunaye ne. Ni dai ina ganin masu taka-tsantsan suna da gaskiya cewa kada a raɗa suna a kan samfuri ɗaya ko biyu, amma haɗarin rashin sunan ya fi girma, kuma zan faɗi dalili.

Kafin nan bari mu koma kogon bishiyar, domin dogon barcin nan shi ne tambarin gidan. Duk wanda ya san gaiwa, yadda take binne kanta a laka idan tafki ya ƙafe ta jira damina, ya riga ya fahimci rabin zancen. Wadan lemur yakan cika cikinsa da 'ya'yan itatuwa da furanni da ruwan zaƙinsu da ƙwari a lokacin wadata, ya mayar da jelarsa rumbu. Kitsen da ke jelar kan kai kashi 40 cikin ɗari na nauyin jikinsa, kuma da shi yake rayuwa har ruwa ya dawo. Kathrin Dausmann da abokan aikinta sun nuna a 2004 cewa a Kirindy zafin jikinsa yana bin zafin kogon ne, ya sauka da asuba, ya haura digiri 30 da rana, bambancin da kan kai kusan digiri 20 a yini guda. Kafin wannan bincike, dogon barci abu ne da aka fi dangantawa da dabbobin ƙasashen ƙanƙara. A 2013 kuma Marina Blanco ta gano cewa crossleyi da sibreei na Tsinjoarivo ba kogo suke shiga ba, ƙasa suke tonawa su binne kansu a ƙarƙashin ganye da saiwoyi, inda sanyin tsauni ba ya kai musu sosai. Da an ci gaba da ɗaukar su duka a matsayin abu ɗaya, da wuya a lura cewa kowane nau'i da dabararsa. Likitoci ma suna sa ido, domin dabba mai kusanci da mutum da ke iya rage aikin jikinta haka ta farka lafiya tana da abin koyarwa game da tiyata da adana sassan jiki. A cibiyar lemur ta Jami'ar Duke a Amurka, wani mai kitsen jela ya rayu shekara 29, abin da ɓera mai irin girmansa ba ya ko kusanta.

Dalilin da na ce rashin suna ya fi haɗari shi ne, hukumomin kare namun daji da sunan nau'i suke aiki. Muddin ana ɗaukar na Lavasoa a matsayin crossleyi, ƙonewar gutsattsarin dajinsa uku ba za ta tayar wa kowa da hankali ba, tunda za a ce akwai irinsa a wani wuri. Da ya sami sunansa sai aka gane in wannan daji ya tafi, ya tafi da shi. Dazukan kuwa tafiya suke yi, ta hanyar sassabe da ƙuna da mutanen Madagaska ke kira tavy, da ƙona gawayi, da saran katako, kuma yawancin masu yin haka talakawa ne masu neman abin sawa a baki, ba mugaye ba. Dabbar da ke buƙatar tsohuwar bishiya mai kogo ba ta da wurin zuwa idan an mayar da daji gonar masara. A jerin da ƙungiyar kare namun daji ta IUCN ta fitar a 2020, cikin nau'o'in lemur 107 da aka tantance, 103 na fuskantar barazanar ƙarewa, 33 daga ciki suna bakin gaɓa, kuma sibreei, wanda aka sake ganowa bayan shekara ɗari, yana cikin waɗannan 33 ɗin.