Shin Ko Kun San? Darasin Zane a Bakin Kasuwar Dawanau

Shin ko kun san cewa abubuwan da malamin zane ke fara koya wa ɗalibi, wato layi da siffa da launi, duk suna baje a Dawanau, a kan hanyar Kano zuwa Katsina? Masu awon hatsi na wuce su kullum ba tare da sun ɗaga kai ba.

Layi ne tushe. Ku dubi ƙwaryar mai fura: an ɗora ƙarfe mai zafi an ƙona mata layuka, wasu miƙaƙƙu, wasu a karkace. Duk inda layi ya zagayo ya haɗe da kansa, siffa ta samu ke nan, ko da'ira ko murabba'i ko mai kusurwa uku. Faifan da aka rufe ƙwaryar da shi kuwa darasin maimaici ne, zoben ja, zoben baƙi, zoben ja, har ido ya san abin da zai biyo baya.

Ko kun san daidaito iri biyu ne? Dagin Arewa, in aka naɗe shi gida biyu, dama da hagu za su hau kan juna cif. Amma ku kalli aikin aska takwas a babbar rigar wani dillali. Nauyin aikin duk ya taru a hagu, wajen aljihu, askokin na nuna ƙasa, sai tambari guda a dama yana riƙe da su. Ɓangarorin ba su yi kama ba, rigar kuma ba ta karkace wa ido ba. A ganina wannan na biyun ya fi wuya nesa ba kusa ba.

A makaranta ana cewa launuka na asali uku ne: ja, rawaya, shuɗi. Shuɗi da rawaya su ba da kore, ja da rawaya su ba da ruwan lemo. Ja da rawaya sukan yi kamar suna tahowa wajen mai kallo, shuɗi na ja da baya. Masu fentin manyan motocin da ke lodin masara da riɗi sun san haka, shi ya sa zaki ko gaggafar da ke bayan mota ke fitowa ɓaro-ɓaro a gaban shuɗin sama.

Launi ɗaya ma yana da zurfi hawa-hawa. A marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, ƙyalle kan fito daga ruwan baba da ɗan kore-kore, iska ce ke mai da shi shuɗi. Yawan tsomawa ke kai shi har bakin baƙi.

Adon bangon ƙasa da ya taso sama, irin na tsofaffin zauruka, da inuwa yake aiki. Sai rana ta bugo shi ta gefe yake nuna kansa.

Ku tsaya gefen titin Katsina ku miƙa ido: gefunan biyu za su yi kamar sun haɗe can nesa. Filippo Brunelleschi ne ya fitar da ƙa'idar sa wannan zurfi a kan shafi, a birnin Florence na Italiya, wajen 1420. Mai zayyanar allon sauka bai bi ta kanta ba, kuma ba gazawa ba ce. Shi tsari da ma'auni ya sa a gaba.

Akwai kuma abin da ke shimfiɗe a shafi, akwai mai jiki da za a iya zagayawa, kamar tulu. Ku juya takardar naira 20: matar da ke ginin tukunya Ladi Kwali ce, wadda ta shiga cibiyar ginin tukwane ta Michael Cardew a Abuja ta da, Suleja ta yanzu, a 1954, ta rasu a 1984. Bayan naira 200 kuma akwai dalar buhuna, sana'ar Dawanau ke nan.