Abin da Yaƙi Ya Ci a Makka

Utaibiyya wata unguwa ce a Makka, arewa da Harami. Alhazan ƙasar Hausa sun san ta saboda kasuwarta. In ka tashi daga can ka bi ta Hajun za ka Masallaci, sai ka wuce makabartar Mu'alla, inda aka rufe Nana Hadiza, uwargidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ba abin da za ka gani sai fili da 'yan duwatsu. Da kuwa akwai ƙubbobi a bisa kaburburan manya. Mayaƙan Sarki Abdul'azizu ɗan Sa'udu suka ci garin cikin 1924, ba a daɗe ba aka rushe ƙubbobin, don malamansu sun ce gini a kan kabari bidi'a ne. Musulmi da yawa a ƙasashen waje ransu ya ɓaci, amma aikin gama ya gama. Yanzu sai dai a tsofaffin hotuna.

Kada ka zaci alfarmar wurin ta hana yaƙi taɓa shi tun da can. Cikin 683 rundunar Yazidu ta kewaye Abdullahi ɗan Zubairu a Makka, ana ta jifa da manyan majaujawa. Ka'aba ta kama wuta, Hajarul Aswadi, watau Baƙin Dutse, ya tsage. Ɗan Zubairu ya sa aka ɗaure shi da azurfa.

Mafi muni duka shi ne abin da ya faru cikin 930. Akwai waɗansu mutane a gabashin ƙasar Larabawa, ana ce da su Ƙaramiɗawa, shugabansu Abu Ɗahiru. Suka shigo Makka da lokacin aikin haji, suka karkashe alhazai har cikin Masallaci, suka zuba gawawwaki a rijiyar Zamzam. Suka tuɓe rigar Ka'aba, suka ciro ƙofarta. Sa'an nan suka ɓamɓare Dutsen daga kusurwa, suka tafi da shi ƙasarsu, Ahsa. Ka duba fa, shekara wajen 22 ana ɗawafi, kusurwar nan ba kome cikinta. Masu tarihi sun ce an yi musu tayin dinari 50,000 su mayar, suka ƙi. Sai cikin 951 suka komo da shi.

To, ka ga bambanci. Dutsen ganima aka ɗauke shi, kuma mai ganima ya kan adana abin da ya san yana da daraja, shi ya sa aka same shi. Ƙubbobin kuwa ba wanda ya ɗauka, rushewa aka yi. Ko Dutsen ma bai tsira ɗungum ba. Abin da alhaji ya ke sumbata yau 'yan gutsattsari ne ƙanana, an liƙe su wuri ɗaya, an kewaye da azurfa.