Ɗan Koyon Aikin Odita a Manyan Kamfanonin Akantoci

Aikin odita, watau binciken littattafan kuɗi, ba a ƙware masa da karatun aji kaɗai. Kamar yadda yaron maƙeri ke farawa da zuga, haka mai neman wannan sana'a yake farawa a ƙarƙashin waɗanda suka riga shi. A Nijeriya, ƙungiyar akantoci ta ICAN, wadda doka ta kafa a 1965, ba ta karɓar mutum cikin 'ya'yanta sai ya ci jarrabawarta, ya kuma yi aikin koyo.

Manyan kamfanonin wannan fanni a duniya huɗu ne: Deloitte, PwC, EY da KPMG. Ɗan koyo a cikinsu yakan wuni yana gwada rasit da abin da aka shigar a littafi, ko ya rubuta wa banki don a tabbatar da kuɗin ajiya, ko kuwa ya shiga sito a ƙarshen shekara ya ga ƙirgar kaya da idonsa. Da dare kuma sai karatun jarrabawa.

Amma darasi mafi wuya shi ne riƙon amana. Dalili kuwa, kamfanin da ake bincika shi ke biyan odita, alhali kuwa masu hannun jari ne suka dogara da shaidarsa. Da kamfanin Enron na Amurka ya karye a 2001, Arthur Andersen mai binciken littattafansa ya rushe a 2002, dubban ma'aikata suka rasa abin yi. Saboda haka ake horon ɗan koyo tun daga ranar farko cewa kada ya amince da adadin da bai ga hujjarsa ba.